Wuraren da Aisa Ta Yanke

'Yan mata tara ne a ƙungiyar al'adu ta makarantarmu a wannan shekarar. Babbarsu tana da shekara goma sha shida, ƙaramarsu goma sha uku. Ƙaramar makarantar mata ce a unguwar Mafoni, kuma ni aka ɗora wa kula da ƙungiyar duk ranar Asabar da safe. Yawancinsu 'ya'yan 'yan kasuwa ne da masu aikin ƙarfi. Wasu Kanuri suke yi a gida, biyu iyayensu daga Kano suka zo tun kafin a haife su, amma da zarar sun shigo aji Hausa ce take haɗa su.

Ba mu da ɗaki namu na kanmu, ba mu da ganga, ba mu da kwamfuta. Abin da muke da shi waya ce guda ɗaya, tsohuwa, gilashinta ya tsage a kusurwa, wadda ƙanena ya bar mini da ya canza tasa. Memorinta kaɗan ne, ba ta ɗaukar aikin mutum biyu a lokaci guda. Da ita muka shirya cewa kowace yarinya za ta haɗa bidiyo na minti uku, ta ɗauko wani tsohon abu na gidansu ta gama shi da wani abu na zamaninta, a nuna wa iyaye mata ranar rufe makaranta.

Kafin iyaye su yarda a shigar musu da waya cikin gida sai da na yi musu alkawari biyu. Na farko, babu hoton da zai fita daga wayar nan zuwa wata waya. Na biyu, duk abin da aka ɗauka bai shiga cikin minti ukun ba, za a goge shi a gaban kowa kafin wayar ta wuce hannun mai biye. Gida-gida na bi na faɗa da bakina, don haka ban taɓa tunanin saɓawa ba.

Muna da wata al'ada da muke kira zaman kallo. Idan yarinya ta gama haɗa nata, mukan jingina wayar da kwalin alli, mu matso kusa mu kalla sau biyu, sau ɗaya da sauti, sau ɗaya an kashe sautin. Mai aikin tana zama a baya, ba ta magana. Kowace sai ta fara da "na ga", ta faɗi abin da idonta ya gani. Ba a cewa ya yi kyau, ba a cewa bai yi ba. Sai an zagaye sannan mai tambaya ta yi tambaya guda ɗaya, mai aikin ta amsa. Da farko sun sha wuya da wannan doka, domin bakinsu ya saba da yabo da tsiya, amma a hankali suka saba.

Aisa ce ta huɗu a layi. Yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, siririya, ba ta iya tafiya ba tare da ƙafarta ta bi wani kiɗa da ita kaɗai take ji ba. Tana zaune da mahaifiyarta da kakarta, Kaka Yagana, a wani gidan haya bayan masallacin unguwa. Daga wani ƙaramin ƙauye na bakin Tafkin Chadi suka taso lokacin da zama ya gagara, Aisa tana goye a baya. Ba ta tuna ruwan ba, ba ta tuna kwale-kwale ba. Abin da ta sani na ƙauyen shi ne ƙamshin banda da wata rawa da aka ce kakarta ta iya.

Sati biyu ta yi tana roƙon tsohuwar kafin ta yarda. Gwiwoyin Kaka Yagana sun daɗe da lalacewa. Ta tashi ta yafa lafayarta mai ruwan toka, dogon mayafin nan na matan Kanuri, ta yi rawar a tsakar gida na minti bakwai, daga nan ta kwanta kwana biyu ana shafa mata man zafi. Mahaifiyar Aisa ta aiko mini da saƙo cikin ladabi cewa an yi na farko, an yi na ƙarshe.

Ranar zaman kallon Aisa, an yi yayyafi da asuba, ajin yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta jingina wayar da kanta, ta koma benci na baya tana murza yatsu.

Abin da ta haɗa ya ba mu mamaki. Ta zaɓi wani kiɗan zamani mai sauri daga cikin waɗanda ke manhajar haɗa bidiyo, ta ɗora rawar kakarta a kai. Tsohuwar ta ɗaga gefen lafaya, ta karya wuya, ta ja ƙafa, kuma kowane motsi yana faɗuwa daidai kan bugun kiɗan. Babu tsayawa ko ta ƙiftawar ido. Daga tsakiya sai hoton ya juya, ga Aisa da takalmin kambas da dogon siket, tana maimaita motsin kakarta, sannan ta karkatar da shi ya zama irin rawar da 'yan mata ke yi yanzu a wajen biki. Minti ɗaya da rabi na tsohuwa, minti ɗaya da rabi na jika. Da ya ƙare 'yan matan suka manta da doka suka tafa.

Muka sake kallo babu sauti. Na ce a fara.

Khairat ce ta ɗaga hannu da sauri. 'Yar masu sayar da atamfa ce a Kasuwar Litinin, bakinta ba ya hutawa.

"Na ga kaza," in ji ta.

Aji ya fashe da dariya.

"Wallahi Malama kaza na gani. Tana gindin randa, kafin in ƙifta tana bakin ƙofa, kafin in ƙifta ta dawo bayan Kaka. Aisa, kazar gidanku ta yi karatun tsibbu ne?"

Na tuna mata cewa lokacin tambaya bai yi ba. Sauran suka bi da bi. Siddiƙa ta ga hannun Kaka yana rawa fiye da ƙafarta. Rumaisa'u ta ga takalmin Aisa ya fi komai haske a hoton. Saude, wadda ita ce za ta karɓi wayar a ranar, ta ga inuwar darbejiya tana tsalle a jikin bango.

Mu'mina ce ta ƙarshe. Yarinya ce mai shiru, mahaifiyarta tana sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road. Sau da yawa takan ce abin da za ta faɗa an riga an faɗa. Ranar nan ba ta ce haka ba.

"Na ga Kaka tana juya kai hagu, sai hoton ya yanke. Sau shida. Duk lokacin da kazar ta yi tsalle, Kaka ta fara juya kai ne."

Da aka zo tambaya, ita kaɗai ce mai tambaya ta gaske.

"Me Kaka take yi a wuraren da kika yanke?"

"Ba komai," in ji Aisa. "Tsayawa take yi. Tsohuwa ce, ta gaji, tana hutawa. Da na bar wuraren ai kiɗan ba zai hau ba."

"Za mu iya gani?"

"Tambaya ɗaya ake yi," in ji Aisa.

Gaskiyarta ne. Amma da yake a ranar za a goge asalin abin da ta ɗauka, na ce babu laifi mu kalle shi sau ɗaya kafin ya tafi. Aisa ta taso ta buɗe shi tana tura baki.

Babu kiɗa a ciki, sai ƙarar daka daga gidan maƙwabta da hon ɗin keke mai ƙafa uku a waje. Kaka Yagana tana rera wani abu can ƙasan maƙogwaro, tana rawa a hankali, ta fi yadda muka gani a bidiyon nauyi. Sai ta tsaya. Ta ja baya taku ɗaya, ta riƙe gefen lafayar a hannun dama, ta juya kai hagu. Ba ta dafa ƙugu ba, ba ta nemi bango ba. Leɓenta yana motsi. Idanunta suna bin wani abu daga hagu zuwa dama, a hankali, sama kaɗan da tsayinta. A wani wurin har ta yi murmushi. Sannan ta matso gaba ta ci gaba.

Na lura Mu'mina tana buga yatsa a kan benci. Da aka zo tsayawa ta uku ta ce, "Malama, a yi mini afuwa. Sha shida ne."

"Mene ne sha shida?"

"Rawar bugu sha shida, tsayuwar ma bugu sha shida. Duk sau ukun. Ni dai in na gaji ba na ƙirga hutuna."

"To me take yi?" in ji Khairat.

"Ban sani ba. Na ga dai ba hutu ba ne."

Khairat ta gyara zama. "Ni fa Malama a bar ni in faɗi gaskiya. Ko me take yi, wa zai zauna yana kallon tsohuwa a tsaye? Iyayenmu za su fara hira, wata ta fara rarrashin yaro. Yadda Aisa ta yi shi ne daidai. An ce mu haɗa na da da na yanzu, ta haɗa. A cire kazar kawai."

"Ba a cire kaza," in ji Siddiƙa. "Ita ce jarumar fim ɗin."

Aisa ba ta yi dariya ba. Ta tashi tsaye.

"Kwana biyar ina daidaita shi da kiɗan nan. Kwana biyar! Ke Mu'mina kakarki ce ko tawa? Kin taɓa ganin rawar nan kafin yau?"

"Ban taɓa ba."

"To ki yi shiru mana."

Na bar ta ta zauna, na bar ajin ya lafa. Sannan na bayyana mata inda muke, domin kada ta yanke shawara cikin fushi. Bidiyon nata ne, babu mai tilasta mata canza komai. Amma idan ta ce ta gama, yanzu za mu goge asalin, kuma abin da ta yanke ya tafi ke nan, Kaka ba za ta sake tashi ta yi ba. Idan kuma tana so ta sake dubawa, ba a hannuna abin yake ba, domin wayar ta Saude ce daga yau.

Saude ta ɓata rai. Mahaifinta baduku ne, yana ɗinka wani filon fata mai ado da za a zo a karɓa ranar Laraba, kuma shi take so ta ɗauka kafin ya bar gidan.

"Litinin," in ji ta daga ƙarshe. "Lokacin hutun tara. Idan aka buga ƙararrawa ba ki kawo ba, ni da ke ne."

"Ni ban ce ina so ba," in ji Aisa.

"To kawo yanzu."

Aisa ta dubi wayar. Ba ta miƙa ba.

Da muka tashi na raka ta gida, domin na ga ba ta taɓa nuna wa kakarta abin da ta haɗa ba, kuma na ga tana jin tsoro. Muka sami Kaka Yagana a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, kaskon turare yana hayaƙi a gefenta. Ta daɗe tana ciniki da fataken kifi a bakin tafki, don haka tana jin Hausa sosai, sai dai harshenta na Kanuri ne. Da gaisuwar Kanurin ta tarbe ni.

"Wushe, Malama, wushe. Ke ce mai sa tsofaffi rawa? Allah ya isa tsakanina da ke da wannan 'yar ƙwailar."

"Tsohuwa, ba ke kika ce kin fi kowa iyawa ba?" in ji Aisa.

"Na fi ki dai. Ke rawarki kamar an zuba wa akuya ruwan zafi."

Muka gaisa, aka kawo ruwa. Aisa ta durƙusa kusa da ita ta kunna bidiyon. Tsohuwar ta kawo fuska dab da gilashin. Ta yi dariya har da tari.

"Wace ce wannan mai sauri haka? Ni ce? Kai! Da ina da wannan ƙafar ai da na koma gida a ƙasa."

Ta ci gaba da kallo. Dariyar ta ragu. Da aka kai inda Aisa ta fito da kambas ɗinta, sai ta ɗaga kai.

"Ina Fanna?"

"Wace Fanna?"

"Ina lokacinta? Na gama nawa, sai na sake shiga, na sake shiga. Yaushe ita za ta yi?"

Aisa ta dube ni, ta dubi kakarta. "Kaka, ke kaɗai ce a tsakar gidan."

"Na sani, ba makauniya ba ce ni."

Ta ture wayar a hankali, ta gyara lafayarta. Ba ta yi fushi ba. Ta yi magana kamar mai ba da kwatancen hanya.

A ƙauyensu, in ji ta, wannan rawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Tun yarinya tana ƙarama ake haɗa ta da ƙawa guda, su biyu ne har tsufa. Idan kwale-kwale suka dawo da kifi mai yawa, ko ana biki, sai mata su yi da'ira a kan yashi, a riƙa fitowa bibbiyu. Ɗaya ta yi, ɗaya ta ja baya ta riƙe mayafi tana kallonta, tana rera mata. Idan ta gama sai su musanya. Mutane ba mai rawar kaɗai suke kallo ba, har da mai jiran. Wadda ta kasa tsayawa, ta riƙa gyara ɗankwali ko waige-waige, an san ba ta daraja ƙawarta. Wadda kuwa ta shiga lokacin ƙawarta, ta yi abin da za a daɗe ana faɗa.

"Tawa Fanna ce. Doguwa, ta fi ni da tafin hannu guda. Ƙafarta babba kamar faranti, ina yi mata tsiya, amma in ta juya sai ki ce ba ta taɓa ƙasa. Shekara arba'in da wani abu muna yi. Ranar da aka yi bikin uwarki mun yi har yashi ya ƙona mana ƙafa, ta ce ba za ta zauna ba sai na zauna, ni ma na ce haka. Mijinta ne ya zo ya roƙe mu."

"Tana ina yanzu?" in ji Aisa.

"Ranar da muka fito, mu muka bi mota, su suka bi ruwa. Ɗanta yana da kwale-kwale. Wasu sun ce sun gan su ta wajen Nijar. Na aika tambaya a kasuwar kifi shekara da shekaru, duk wanda ya zo daga bakin tafki sai na sa an tambaye shi." Ta ɗaga kafaɗa. "Allah ya sani."

Ƙarar daka ta tashi daga maƙwabta. Aisa tana kallon tabarma.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kin tambaye ni? Cewa kika yi, Kaka tashi, Kaka juyo nan, Kaka rana tana bayanki." Ta dafa kan yarinyar. "Ba komai, aikinki ne, na makaranta. Sai dai ni tunda nake ban taɓa shiga lokacinta ba. Yau ga shi na shiga sau shida, kuma da gudu."

Aisa ta share ido da bayan hannu. Can sai ta ɗago da sauri, kamar wadda ta sami mafita.

"To ki koya mini nata. In yi a wurinta."

"Ban iya ba."

"Shekara arba'in kina kallo!"

"Kallo nake yi, ba koyo ba. Nata nata ne. Ko na iya, da wace gwiwar zan nuna miki?"

A hanyar fita Aisa ta raka ni har bakin titi inda ake samun keke. Ta ce mini lissafin ba ya fita. Idan ta mayar da tsayuwar, rabon Kaka zai ninka, minti ukun ya cika, ita babu inda za ta shiga. Kiɗan ma ba zai hau ba. Kuma sati uku ta yi tana koyon juyin nan na ƙarshe, wanda take so mahaifiyarta ta gani a gaban mutane. Ta tambaye ni ko za a ƙara mata minti ɗaya. Na ce idan na ƙara mata sai na ƙara wa takwas, wayar kuma ba za ta ɗauka ba. Ta tambaye ni me zan yi in ni ce. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Ranar Litinin da aka buga ƙararrawar hutun tara, duk su taran suka taru a ajin da babu kowa, wasu da ƙosai a takarda. Idanun Aisa sun nuna ba ta huta ba ranar Lahadi. Ta jingina wayar da kwalin alli, ta koma baya.

Ya fara babu kiɗa. Kaka tana rawa da muryarta can ƙasa, da daka, da kaza tana tafiyarta a kan ƙafafunta kamar kowace kaza. Sai Kaka ta ja baya, ta riƙe lafaya, ta juya kai hagu. Hoton ya tsaya a kanta har bugu goma sha shida, gefen hagu na tsakar gidan babu kowa sai randa da inuwa. Daga nan kiɗan zamani ya shigo, ga Aisa da kambas, ita ma bugu goma sha shida, kiɗan ya ɗauke. Aka koma kan Kaka. Haka ya zagaya sau uku. Rabin motsin tsohuwar bai samu shiga ba. Na Aisa kuwa saura kaɗan, juyin nan na ƙarshe babu shi.

Ba mu da lokacin kallo na biyu. Na ce a fara.

"Na ga kazar ta warke," in ji Siddiƙa.

"Na ga an rage takalmin," in ji Rumaisa'u.

Khairat ta haɗiye ƙosanta. "Na ga wurin tsayuwar yana da tsawo. Har yanzu ina ganin wasu za su yi hira. Na farkon ya fi daɗin kallo, ba zan ɓoye miki ba." Ta goge hannu da takardar ƙosan. "Amma na ga ni ma ina duban wajen randar. Ban san me nake nema ba."

Mu'mina ta ce, "Na ga mutum uku."

Aisa ba ta gaya musu labarin Fanna ba tukuna. Khairat ce ta yi tambaya.

"Ke, me ya sa ba ki sa rawarki a wurin da take tsaye ba? Ga fili a banza. Da kin sami wurin juyinki, da ba a yi asarar lokaci ba."

"Na gwada," in ji Aisa. "Jiya na gwada sau uku. Manhajar tana iya raba hoton biyu, na sa kaina a hagu. Amma ba ni take kallo ba. Idonta yana sama da kaina. Sai na zama kamar wadda ta shigo gaban mutane suna magana."

"Wa take kallo?"

"Ƙawarta. Zan faɗa muku ranar Asabar, labarin yana da tsawo."

Saude ta miƙo hannu. "An kusa komawa aji."

Aisa ta ɗauki wayar ta buɗe inda asalin yake, mai minti bakwai. A ciki akwai sauran tsayuwa uku da ba su samu shiga ba, har da wadda Kaka ta yi murmushi. Ta ce a ba ta izini ta kalli wannan sau ɗaya. Saude ta janye hannunta. Muka tsaya a kanta muna kallo tare, babu mai tauna. Da ya wuce, ta goge asalin, ta goge bidiyon farko mai sauri, ta nuna wa kowa cewa sun tafi, kamar yadda muka saba. Ta goge gilashin da gefen hijabinta ta miƙa wa Saude.

"Ki yi caji, saura kaɗan," in ji ta.

Aka buga ƙararrawa, suka watse da gudu. Ita ta tsaya tana mayar da kwalin alli kan tebur. Na tambaye ta ko tana jin zafin juyin da ta cire. Ta ce tana ji, sosai ma, kuma mai yiwuwa Khairat ce da gaskiya, mata za su yi hira a wurin. Amma ta gane cewa lokacin da Kaka take tsaye ba na Kaka ba ne, ba kuma nata ba ne da za ta yanke ko ta cike. Na Fanna ne.